Rumbun Masar da Rumbun Jandutsi: Darasi Daga Rayuwar Misirawan Dauri

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Yake rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya saba zama a majalisin tafsirin azumi a masallatan Jega da Aliero da Maiyama, ko a ƙauyuka irin su Jandutsi, ya san cewa ƙasar Masar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. A can aka sayar da Annabi Yusuf (AS), a can ya yi zaman kurkuku, a can kuma mahaifiyar Annabi Musa (AS) ta sanya jaririnta a cikin kogi. Sai dai idan aka ambaci Masar, abin da ke zuwa mana a rai shi ne fada da Fir'auna da matsafa. Mukan manta cewa mafi yawan mutanen ƙasar talakawa ne manoma, masu shuka a bakin kogi, masu kwana a ɗakin laka, masu fargabar fari da ambaliya kamar yadda muke yi a bakin Gulbin Zamfara. Tun da Bafaranshen nan Shamfoliyon ya warware sirrin rubutunsu a 1822, an karanta wasiƙunsu da lissafin albashinsu da shari'unsu, an kuma tone gidajensu da rumbunansu. Abin da aka gano yana ƙara mana fahimtar Suratu Yusuf, yana kuma jefo mana tambaya a kan namu rumbun.

Shekarar da kogi ke rabawa

Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai a Masar. Rayuwarsu gaba ɗaya ta rataya ne a kan Kogin Nilu. Idan damina ta sauka a kan tsaunukan Habasha, sai kogin ya fara cika a wajen Aswan cikin watan Yuni zuwa Yuli, ya malale gonaki, ya kai ƙololuwa a wajen Satumba, sannan ya janye ya bar baƙar laka mai albarka. Saboda wannan laka suke kiran ƙasarsu Kemet, wato baƙar ƙasa, hamadar da ta kewaye su kuma suna ce mata jar ƙasa.

Sun raba shekara kashi 3, kowane kashi wata 4, kowane wata kwana 30, suka ƙara kwana 5 a ƙarshe ya zama 365. Kashin farko lokacin cikar kogi ne, na biyu lokacin da ƙasa ke bayyana a yi shuka, na uku lokacin girbi. Manomin fadama a ƙasar Jega ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin shi ma yakan jira ruwa ya janye kafin ya shiga aikin rani. Har jigon da kakanninmu suka yi ban-ruwa da shi kafin zuwan injin, wato doguwar sanda mai guga a gefe ɗaya da curin laka a ɗaya gefen, an zana shi a bangon kabarin wani magini mai suna Ifuyi a yammacin Luksor, fiye da shekara 3,000 da suka wuce.

Abin da suka fi mu shi ne awo. Sun sassaƙa matakala mai alamomi a bakin kogi, kamar wadda ke tsibirin Elefantin kusa da Aswan, suna auna tsayin ruwa kowace shekara suna rubutawa. Daga awon nan hukuma ke hasashen yawan amfanin gona da harajin da za a ɗora. Musulmi da suka zo daga baya ba su yar da wannan ilimi ba. Ma'aunin da ke tsibirin Rauda a Alƙahira an gina shi a 861, zamanin Halifa Mutawakkil, yana nan tsaye har yau, ko da yake cikar kogin ta daina isa gonaki tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970.

Gida da tukunya

Dutse na gidan gumaka ne da kabari. Gidan mai rai, har da fadar sarki, da tubalin laka ake gina shi. Ɗakunan talaka ƙanana ne, rufinsu a shimfiɗe kamar soro, idan zafi ya tsananta sai a hau sama a sha iska. Kayan ɗaki ba su wuce tabarma da tukwane da 'yar kujera da matashin kai na itace ba. Tufarsu farin kittani ce. Maza da mata duk suna sa kwalli, don ado da kuma kare ido daga ƙura da ƙyallin rana. Yara kuwa akan aske musu kai a bar tukku guda a gefe har su tasa. Kanwa, wadda suke haƙowa a kwarin da ake kira Wadin Naɗrun, da ita suke wanki da tsabtace baki. Suna yi wa maza kaciya, akwai ma zanen yadda ake yin ta a wani kabari a Saƙƙara. Da yamma kuma manya kan zauna a kan wani allon wasa mai gida 30 da ake kira senet, kamar yadda dattawanmu ke zama a kan dara.

Abincin yau da gobe gurasa ce ta alkama da wata giya mai kauri da ake yi da sha'ir. Mata ke niƙa a kan dutse, suna durƙushe, kuma yashin da ke shiga garin yakan cinye haƙora, abin da likitoci suka gani a bakin gawarwakinsu har na sarakuna. Mahaɗin gurasa shi ne kifi da adas da tafarnuwa da albasa. Nama sai ranar biki, ko gidan mai hali.

Maganar albasa ta shafe mu kai tsaye, mu da Aliero ta yi suna da ita a faɗin Afirka ta Yamma. Masanin tarihin nan na Girka, Hirodotus, wanda ya ziyarci Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce tafinta ya nuna masa wani rubutu a jikin babbar dalar Giza mai lissafin azurfar da aka kashe wajen saya wa leburori albasa da tafarnuwa da wani ɗanyen saiwa. Masana na shakkar cewa abin da rubutun ya ƙunsa ke nan, domin dalar ta girme shi da kusan shekara 2,000. Amma labarin ya nuna matsayin albasa a bakin talakan Masar. Alƙur'ani ya tabbatar da wannan ta wata fuskar. A aya ta 61 ta Suratul Baƙara, lokacin da Bani Isra'ila suka gaji da abincin da Allah Yake saukar musu a jeji, abubuwan da suka roƙa su ne irin waɗanda suka saba ci a Masar, kuma albasa da adas suna ciki. Aka zarge su da neman musanya mafifici da maƙasƙanci. Laifin ba na albasa ba ne, nasu ne da suka fifita ɗanɗanon gidan bauta a kan ni'imar 'yanci.

Albashi a cikin buhu

Tsawon mafi yawan tarihinsu Misirawa ba su san tsabar kuɗi ba. Hatsi ne kuɗi. Da shi ake biyan haraji, da shi ake biyan ma'aikaci. A ƙauyen da yanzu ake kira Dairul Madina, inda maginan kaburburan sarakuna suka zauna da iyalansu, albashin magini a wata shi ne buhu 4 na alkama da buhu 1 da rabi na sha'ir, buhun nasu kuma yana cin kimanin lita 77. Idan mutum zai sayi akuya ko gado, sai a ƙiyasta darajarsa da nauyin tagulla, sannan a biya da hatsi ko mai ko tufa.

Ke nan idan rumbun hukuma ya yi jinkiri, tukunyar kowa ta mutu. Haka ta faru a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, wajen 1157 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Albashi ya makara, sai maginan suka ajiye kayan aiki, suka fita daga ƙauyensu, suka je suka zauna a bayan wani gidan gumaka suna kukan yunwa, suka ƙi tashi sai da aka fara ba su wani abu. Magatakarda Amennaket ya rubuta abin da ya faru, takardar tana birnin Turin na Italiya, kuma ita ce shaida mafi tsufa da aka sani ta yajin aiki a duniya. Daular da ta iya ɗora duwatsu sama da miliyan 2 a dala guda ta kasa kai wa magini buhunsa a kan kari. Shari'ar Musulunci ta tsananta a kan jinkirta haƙƙin ɗan ƙwadago, kuma wannan gargaɗi yana kan mai gonar albasa da ya sa yara dashe ya ce su dawo bayan kasuwa, kamar yadda yake kan hukuma.

Shawarar da ta fito daga kurkuku

Da wannan hoto a zuciya, sai mu koma Suratu Yusuf. Sarki ya yi mafarkin shanu 7 masu ƙiba waɗanda ramammu 7 ke cinyewa, da zangarniya 7 ɗanyu da wasu busassu. Fadawa suka kasa fassarawa. Annabi Yusuf (AS), yana tsare bisa zalunci, bai tsaya ga fassara kaɗai ba, ya haɗa da tsari. A ayoyi na 47 zuwa 49 ya shawarce su da su yi noma shekara 7 a jere, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa in ban da kaɗan da za su ci, domin shekaru 7 masu tsanani na tafe, bayansu kuma shekarar wadata.

Barin hatsi a zangarniya hikima ce da manomi ya fi kowa ganewa. Ƙwayar da ke cikin ƙaiƙayinta ta fi jure ƙwari da danshi a kan wadda aka sussuke. Masu binciken kufan Masar, musamman a tsohon birnin Amarna, sun gano cewa irin alkamar da Misirawa ke shukawa a cikin ɓawonta ake ajiye ta, sai ranar buƙata mace ta ɗiba ta surfa a turmi, ta sheƙe, sannan ta niƙa. Haka uwayenmu ke yi da damin gero da aka jera a rumbu ko rufewa. Rumbunan Masar ma na laka ne masu ƙubba, ana zuba hatsi ta sama, ana ɗiba ta wata 'yar ƙofa a ƙasa. A kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, a 1920 an sami ɗan ƙaramin siffar rumbu da aka sassaƙa da itace: ga masu ɗaukar buhu, ga masu awo, ga magatakarda zaune a bakin ƙofa suna rubuta abin da ya shiga.

Waɗannan magatakarda su ne mabuɗin aya ta 55, inda Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya siffanta kansa da tsare amana da kuma sani. Rumbu ba ya ceton al'umma sai an haɗa waɗannan biyun. Mai amana marar sani zai bar gara ta cinye hatsin, mai sani marar amana kuwa shi zai riga garar. Imam Ƙurɗubi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1273, ya ɗauki aya ta 47 a matsayin tushen hujja a kan kiyaye maslahar al'umma, wato tsare addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. A wurinsa tanadin abinci aikin addini ne. Surar ta kuma nuna cewa rabon ya kasance da ma'auni, kowane mutum kayan raƙumi guda, har baƙin da suka zo daga ƙasar Kan'ana suka samu.

Su kansu Misirawa sun riƙe tsoron shekarun fari a tarihinsu. A tsibirin Sahel kusa da Aswan akwai rubutu a jikin dutse mai ba da labarin shekara 7 da kogi ya ƙi cika a zamanin Sarki Zosar. An sassaƙa shi ne dubban shekaru bayan Zosar, kuma bai dace a ce labarin Annabi Yusuf (AS) yake bayarwa ba. Amma ya nuna cewa mafarkin sarkin ya taɓo abin da kowane Bamisire ke jin tsoro. Albarkar rumbun Masar ta kai har ga Sahabbai: bayan Amru ɗan Asi (RA) ya buɗe ƙasar, ya sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa tsakanin Nilu da Bahar Maliya bisa umarnin Halifa Umar (RA), jiragen hatsi suka riƙa kai abinci Hijaz.

Rumbun da aka cika wa matattu

Akwai wani tanadi na biyu da Misirawa suka kashe wa dukiya fiye da na farko. Sun yi imani cewa mamaci zai ci gaba da buƙatar jikinsa da abincinsa. Saboda haka sukan cire kayan cikin gawa, su busar da ita da kanwa, su naɗe ta da kittani, aikin da ke ɗaukar kwana 70. Sukan cika kabari da gurasa da nama da mai da tufafi. A kabarin Tutankamun, wanda Hawad Kata ya gano a 1922, an sami akwatunan nama da tafarnuwa da habbatus sauda, da ƙananan gumaka sama da 400 waɗanda aka ce za su yi noma a madadinsa a lahira. Gawar Ramsis na Huɗu kuwa, ƙananan albasa aka samu a guraben idanunta.

Sun san akwai hisabi, domin suna zana ranar da za a ɗora zuciyar mamaci a kan sikeli. Sai dai shirka ta ɓata musu wannan sani. Sukan ɗora wani laya mai siffar buzuzu a ƙirjin gawa, a rubuta tsafi a jikinsa ana roƙon zuciyar kada ta ba da shaida a kan mai ita. Alƙur'ani ya rufe wannan ƙofa a Suratu Yasin, inda ya bayyana cewa a ranar nan bakuna za a rufe, gaɓoɓi su yi magana.

Me ya sami wannan rumbu na biyu? Tun masu shi ba su daɗe a ƙasa ba aka fasa shi. A shekara ta 16 ta mulkin Ramsis na Tara an gurfanar da gungun ɓarayi, wani magini a cikinsu ya amsa cewa sun shiga kabarin wani tsohon sarki da matarsa, sun kwashe zinariya, sun cinna wa akwatunan wuta. Zamani ne da farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo. A wata shari'ar daga baya, an tambayi wata mata inda ta sami azurfa, ta ce sha'ir ta sayar a shekarar kuraye, lokacin da ake yunwa. Su ma suna raɗa wa yunwa suna, kamar yadda kakanninmu suka kira ta 1914 Kakalaba. Zinariya na kwance a ƙarƙashin ƙasa, masu rai suna neman mudun sha'ir a samanta. A watan Afrilun 2021 an ɗauki gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a motoci, aka ratsa da su titunan Alƙahira zuwa sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ, inda baƙi ke sayen tikiti su kalle su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Namu rumbun

Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. Matasanmu sun ga ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a sassan Jihar Kebbi. Babu wanda ke buƙatar mafarkin sarki kafin ya san cewa ramammun shekaru na zuwa. Duk da haka, al'adar da ke yaɗuwa ita ce a sussuke amfani tun a gona, a loda a buhu, a kai kasuwar Jega da kaka lokacin da farashi ya faɗi, don biki ko sabon babur ko biyan bashin taki. Idan damina ta yi tsakiya, sai mai gonar ya koma kasuwa ya sayi hatsin da ya noma da tsada. Rumbun laka ya fara zama abin kunya a wasu gidaje, alhali ba a kawo abin da ya maye gurbinsa ba.

Shari'a ta bambanta tanadi da ɓoye abinci. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan ware wa iyalansa abincin shekara. Magidancin da ya ajiye damin da zai kai shi kaka mai zuwa yana kan sunna, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Wanda aka la'anci aikinsa shi ne mai saye ya tara a lokacin ƙunci yana jiran talaka ya galabaita farashi ya hau, kuma hadisin Sahihu Muslim ya kira mai yin haka mai laifi. Annabi Yusuf (AS) ya tara a shekarun yalwa ya buɗe a shekarun tsanani. Mai ɓoye abinci yana rufewa ne daidai lokacin da ya kamata a buɗe.

Sai zakka, wadda ita ce rumbun wanda ba shi da rumbu. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, wato sa'i 300. Abin da ruwan sama ko malalar gulbi ta shayar, ana fitar da kashi 1 cikin 10. Abin da aka shayar da wahala, da jigo ko da injin, kashi 1 cikin 20. A mazhabar Imam Malik babu zakka a kan albasa ita kanta, domin tana cikin kayan lambu, amma kuɗinta idan ya kai nisabi ya shekara, zakka ta hau kansa. Imam Abu Hanifa kuwa yana ganin a fitar daga duk abin da ƙasa ta tsirar. Manomin albasar da ya loda mota guda ko biyu ya kamata ya zauna da malamin garinsa ya san abin da ke kansa. Da unguwanni za su tara zakkar hatsi a wuri guda, a hannun mutanen da aka yarda da amanarsu kuma suka iya lissafi, a rubuta abin da ya shiga da wanda aka ba, da marayu da gajiyayyu sun ga bambanci.

Sani kuma yana da nasa gurbin. Kowane manomi a Aliero da Maiyama ya san baƙin cikin buɗe rudu ya tarar albasa ta ruɓe ko ta tsiro kafin farashi ya tashi. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a cikin garin Aliero, ga 'ya'yanmu suna karatu a cikinta. Neman hanyar da albasa za ta daɗe ba ta lalace ba, da rubuta iyakar da gulbi ya kai kowace shekara don a san inda za a yi shuka da inda za a yi gini, aiki ne da mai yin sa da kyakkyawar niyya zai sami lada. Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda ƙasarmu ke alfahari da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, ya bar mana gadon karanta Alƙur'ani don a yi aiki da shi, kuma Suratu Yusuf tana cikin abin da ya fassara.

Kaka na zuwa kowace shekara da tambaya guda ga magidanci: dami nawa zai shiga rumbu, nawa ne haƙƙin miskini, nawa zai tafi kasuwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya sanya amana da sani a hannun masu riƙe da taskokinmu, Ya sa guzurinmu na lahira ya zama aiki nagari. Amin.